Bangon Da Ya Faɗi Sunan Maigidansa

A shekarar 2012, cikin wani ɗan ƙaramin gini na dutse a hamadar gabashin Jodan, masu gyaran zanen bango suna bisa tsani suna goge wani sashe na bangon kudu, daidai saman wata 'yar taga. Wurin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, a kan hayaƙin kuma akwai wani shafi mai sheƙi da ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa. Da auduga a bakin tsinke suke aikin, taki bayan taki, yadda ba a gama abin da ya kai tafin hannu sai an ɗauki lokaci. Sannu a hankali haruffa suka fara leƙowa, rubutun Larabci na dā irin na Kufa, wanda ba shi da ɗigo ko wasali. Da masanin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, Bafaranshe Frédéric Imbert, ya karanta, sai ga addu'a ana roƙon Allah ya shiryi wani mutum kamar yadda ya shiryi bayinsa na gari. Sunan mutumin kuwa Walid ɗan Yazid.

Fiye da shekara ɗari masana suna jayayya a kan wanda ya gina wannan wuri. Amsar tana nan a bango tun farko, ƙazanta da gyaran da bai dace ba suka rufe ta.

Sunan ginin Kusair Amra. Kalmar kusair ƙaramin kasr ce, wato 'yar ƙaramar fada, kuma sunan ya dace da shi. Yana wajen kilomita 85 gabas da birnin Amman, a kan hanyar zuwa Azraƙ, a bakin wani kwari da ake kira Wadi Butum saboda itatuwan buɗum da ke tsirowa cikinsa. Wanda ya hango shi daga titi ba zai ga abin tsayawa ba: katangu masu kalar ƙasa, rufi mai doro uku jere da juna, 'yar ƙaramar tulluwa a gefe, sai rijiya da da'irar da dabba ke zagayawa tana juya na'urar ɗebo ruwa. Ba gari ba ne, ba kuma sansanin yaƙi ba. Wurin hutu ne na wani ɗan gidan sarautar Banu Umayya, inda yake fita daga birni ya yi farauta, ya yi wanka, ya karɓi baƙi da shugabannin ƙabilun jeji. Abin da ya rage a tsaye shi ne zauren karɓar baƙi da ɗakunan wanka guda uku da ke manne da shi, na tuɓe kaya, da mai ɗumi, da mai zafi, wanda ake hura wuta ta ƙarƙashin daɓensa kamar yadda Rumawa ke yi.

Sai an sunkuya an shiga ciki ake gane dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, shekara ɗaya da Petra. Kusan babu inda hannun mai zane bai taɓa ba, daga bango har rufi, sama da murabba'in mita 300. Ga mafarauta sun kora jakunan jeji cikin raga, karnuka masu siririn ƙugu na bin su. Ga makaɗa da 'yan rawa, ga 'yan kokawa, ga mata suna yi wa jarirai wanka. A rufin ɗakin tuɓe kaya an zana wata dabba mai suna dubbu a Larabce tana zaune tana kaɗa wani abu mai kama da garaya, biri kuma na tafa mata. A can ƙuryar zaure, inda maigida ke zama, an zana basarake a kan karaga ƙarƙashin rumfa, fadawa biyu a gefensa, tsuntsaye sun kewaye bakan da ke samansa, a ƙasa kuma ruwa ne da kifaye da kwalekwale. Mutumin da ke zaune a tsakiyar hamada ne ya sa aka zana masa teku a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Zanen da ya fi kowane suna shi ne na sarakuna shida a bangon yamma. Suna tsaye a sahu biyu, an rubuta sunayensu a saman kawunansu da Larabci da Girkanci. Huɗu sun karantu: Kaisar na Rum, Kisra na Farisa, Najjashi na Habasha, da Luzariƙ, wato Roderic, sarkin Andalus da Ɗariƙu bin Ziyad ya ci da yaƙi a 711. Duk wanda ya yi karatun sira zai gane uku na farko nan take, domin su ne sarakunan da aka aika wa wasiƙu a zamanin Manzon Allah (SAW). An daɗe ana ɗaukar zanen a matsayin hoton waɗanda aka ci da yaƙi. Masanin fasahar Musulunci Oleg Grabar ya kawo wata fahimta a 1954, cewa ba a zana su a ɗaure ko a durƙushe ba, a tsaye suke da mutuncinsu suna nuni da hannu wajen maigida, kamar dangin sarakunan duniya da suka zo shaida cewa sabon ɗan'uwa ya shigo cikinsu.

Bayan faɗuwar daular Umayyawa a 750 wurin ya zama kango. Larabawan ƙauye masu yawo da raƙuma su ne suka gaje shi. Suna fakewa ciki idan sanyin hunturu ya tsananta, su hura wuta a tsakar zaure, hayaƙi ya tashi ya kwanta a rufi, shekara bisa shekara har sama da dubu. Matafiya sun karce sunayensu da alamun ƙabilunsu a jikin zanen. Saboda haka idan littattafai suka ce an gano Kusair Amra a 1898, sai a karanta maganar da lura. Mutanen ƙabilar Bani Sakhar ba su taɓa ɓatar da shi ba, su ne ma suka kai baƙon da aka ce ya gano shi.

Baƙon shi ne Alois Musil, limamin coci kuma masanin harsunan gabas daga yankin Morabiya, a ƙasar Cek ta yau, wanda ya zauna da Larabawan jeji har suka laƙaba masa Shehu Musa. Zuwansa na farko bai daɗe a ciki ba aka yi kururuwar mahara, dole suka hau raƙuma suka gudu, bai fito da wata shaida a hannu ba. Da ya koma birnin Biyana ya ba da labarin fada mai cike da hotunan mutane wadda Musulmin farko suka gina, manyan malamai suka ƙi yarda, wasu ma suka zarge shi da shara ƙarya. Gani ya kori ji, don haka ya koma a 1900 da na'urar ɗaukar hoto, ya sake komawa a 1901 tare da wani mai zane, Alphons Mielich, don ya kwafi abin da ke bangon. Aikinsu ya fito a manyan littattafai biyu a 1907.

A nan ne rauni na farko ya samu zanen daga hannun masoyansa. Don su ga abin da ke ƙarƙashin hayaƙi, Musil da Mielich sun wanke bango da sinadarai masu ƙarfi, wankin da ya tafi da launi tare da dauɗa. Ba su tsaya nan ba, suka ɓamɓare wasu sassa suka tafi da su Turai, har da wani yanki na zanen sarakuna shida. Gutsattsarin suna gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke Barlin har yau. A zamanin ba a ganin haka a matsayin laifi. Shekara biyu bayan wannan, a 1903, Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya ba Sarkin Jamus kyautar fuskar wata fadar Umayyawa, Mushatta, aka kwashe duwatsunta zuwa Barlin ɗin. Amma ko me zamani ya yarda da shi, abin da aka kankare daga bango ba ya komawa, kuma abin baƙin ciki shi ne kwafin Mielich ya zama shaida kaɗai ta wasu abubuwan da hannunsa ya taimaka wajen lalatawa.

Rauni na biyu ya zo da kyakkyawar niyya fiye da na farko. Tsakanin 1971 da 1974 wata tawaga daga Sifaniya ƙarƙashin Martín Almagro ta yi aiki a wurin. Dole a faɗi alherinsu: sun ƙarfafa ginin da ke neman tsagewa, sun cire hayaƙi mai yawa, sun sa duniya ta sake waiwayar Amra. Sai dai sun yi abu biyu da suka zama ciwo daga baya. Inda zane ya dushe, sun bi gefensa da sabon layi don ya fito, wani lokaci bisa abin da suka zata ke wurin. Sannan suka shafe bangon da shalak, wani irin ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, wanda kafintoci ke narkawa su shafa wa katako ya yi sheƙi. Ranar da aka shafa shi launuka sun fito kamar an yayyafa musu ruwa. Amma shalak ba ya jure zafin hamada. Da shekaru suka ja sai ya yi duhu, ya koma ja-ja, ya riƙe ƙura, ya hana bango numfashi, a wasu wuraren ya ƙanƙance yana ɓantaro fentin asali. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Duk hotunan Amra da aka buga a littattafai na kusan shekara arba'in, masu kalar ƙasa-ƙasa kamar an jiƙa su da shayi, hoton shalak ne, ba hoton abin da masu zanen ƙarni na takwas suka bari ba.

Tsakanin wannan aiki da na baya-bayan nan, Bafaranshe Claude Vibert-Guigue da masanin tarihi ɗan Jodan Ghazi Bisheh sun yi wani aiki da ba ya jan hankalin jarida amma ya zama ginshiƙi. Sun kwafi kowane layi da ke bango a girmansa na asali, ba tare da sun ƙara ko sun rage ba, aka buga shi a 2007. A 2008 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa Amra cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Daga 2010 ta haɗa hannu da Hukumar Kayan Tarihi ta Jodan da babbar cibiyar gyaran kayan fasaha ta Italiya da ke birnin Rum, aka shiga aikin da ya fito da sunan Walid.

Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne tarbiyyar da masu yin sa suka taso a kai. Cibiyar ta Italiya, wadda aka kafa a 1939 Cesare Brandi ya zama shugabanta na farko, ta ginu a kan wasu ƙa'idoji masu sauƙin faɗa da wuyar bi. Mai gyara ba mai zane ba ne, ba shi da izinin ƙirƙira. Duk abin da ya sa a bango ya zama wanda na bayansa zai iya cirewa ba tare da ɓarna ba. Inda ya cike gurbi kuma, wanda ya matso kusa ya iya bambance nasa da na asali. Don haka suka shahara da wata dabara ta cike ƙaramin gurbi da siraran layuka a tsaye na fentin ruwa: daga nesa ido ya ga hoto ya haɗu, daga kusa ya ga a fili cewa nan hannun zamani ne. Inda gurbi ya yi girma har ba a san abin da ke wurin ba, sai a bar shi da shafe mai launi maras hayaniya.

Kafin a taɓa zane sai da aka fara da waje, domin ba amfanin gyara ciki rufi na yoyo. An toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya shiga, an cike tsagu da kwaɓin farar ƙasa irin wanda magina na asali suka yi aiki da shi. Dalilin guje wa siminti a tsohon gini sananne ne ga masu wannan sana'a: ya fi dutsen da ke kewaye da shi tauri, ba ya barin laima ta fita, kuma yana ɗauke da gishiri da ke bin ruwa ya fito a fuskar bango ya tura fenti waje. Sannan aka koma ciki. Aka duba bango da fitilu na musamman da ke nuna abin da ido ba ya gani, aka ɗauki ƙwayoyin fenti da ba su kai ƙwayar gero ba aka kai ɗakin bincike. Inda shafe ya rabu da dutse ya yi kogo, wanda ake ganewa ta hanyar ƙwanƙwasawa da yatsa a saurari amo, sai a ɗura masa ruwan farar ƙasa da sirinji. Shalak kuwa an narkar da shi kaɗan-kaɗan da sinadarin da aka gwada aka tabbatar yana cin ƙaron ba ya taɓa launin da ke ƙasa.

Abin da ya fito ya ba har masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan Amra mamaki. Bayan hotunan da aka saba gani ruwan ƙasa ashe shuɗi ne mai haske, kuma bincike ya nuna an haɗa shi da lazuwardi, dutse mai daraja da tun zamanin dā ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan. Launi ne da masu zanen Turai na ƙarnonin baya ke auna shi kamar zinariya, su keɓe shi ga mafi darajar sashe na hoto. A nan an shimfiɗa shi a bangon gidan wanka. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka nisan da hannun daular ya kai da irin dukiyar mai gidan. Fuskoki da a dā suke kamar an zana su da gawayi suka dawo da inuwa da haske, aka ga cewa masu aikin ƙwararru ne da suka gaji fasahar Rum da Sham da Farisa. Aka kuma gano hotunan da ba wanda ya san da su, ciki har da na ƙissar Annabi Yunusa (AS) da kifi.

Sai rubutun saman taga. Tun zamanin Musil, kasancewar Luzariƙ a zanen ya sa da yawa suka jingina ginin ga Halifa Walid na Farko, ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, aka ci Andalus a zamaninsa. Wasu, irin su Garth Fowden a littafinsa na 2004, sun karkata ga ɗan ɗan'uwansa, Walid ɗan Yazid, amma ba su da hujja yankakkiya. Rubutun ya raba gardama. Ya ƙara da wani abu: bai kira Walid da laƙabin halifa ko Amirul Muminina ba, abin da ba zai yiwu a manta da shi ba in da yana kan karaga. Ke nan an yi aikin lokacin yana yarima mai jiran gado, a zamanin baffansa Hisham, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743.

Da wannan sai bangon ya fara magana da wata murya. Walid ya yi kusan shekara ashirin yana jira. Hisham ya so ya kauce masa ya naɗa ɗansa, ya rage masa kuɗin da ake ba shi, har Walid ya bar fada ya tare a jejin da ke kusa da Azraƙ. Yanzu a sake duban basaraken da ke kan karaga, da sarakunan duniya shida da ke nuni gare shi, da addu'ar neman shiriya. Ba hoton mai mulki ba ne, hoton mai begen mulki ne, wanda ya sa aka zana masa gobensa a bango don duk shugaban ƙabilar da ya shigo gaisuwa ya gani. Ya samu abin da yake jira a 743. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi, 'yan gidansu suka yi masa tawaye ƙarƙashin Yazid ɗan Walid na Farko, aka kashe shi a 744 a Bakhra, kusa da Tadmur. Shekara shida bayan haka daular kanta ta faɗi.

Mai karatu Musulmi ba zai wuce wata tambaya ba, kuma bai kamata a kauce mata ba: yaya aka yi gidan da ke riƙe da halifanci ya cika bango da hotunan masu rai, wasu ma ba su da cikakkiyar sutura? Hukuncin surantawa yana nan a littattafan malamai, Amra ba ta canja shi ba, kuma aikin yarima ba hujja ba ne a shari'a. Umayyawan kansu sun san iyakar. A Ƙubbatus Sakhra da ke Ƙudus da babban masallacin Dimashƙa, adon da suka yi na itatuwa ne da gine-gine da rubutu, babu mutum babu dabba. An ma ruwaito cewa mahaifin Walid, Yazid ɗan Abdulmalik, ya ba da umarnin a shafe hotuna a ƙasarsa. Littattafan tarihi sun siffanta Walid da son giya da waƙa da wasa, ko da yake yawancinsu an rubuta su ne a zamanin Abbasiyawa da suka kifar da gidansu. A ganina darajar Amra tana nan daidai: shaida ce da ba ta bi ta hannun masoyi ko maƙiyi ba. Wanda ya goge ta don ta ba shi kunya, da wanda ya ƙawata ta don ta burge baƙi, duk sun hana mu ganin yadda mutanen wancan ƙarni suka rayu a zahiri, da kyawunsu da aibinsu. Kuma ko a nan gida, duk wanda ya taɓa ganin tsohon zanen soro an lulluɓe shi da fentin mai da sunan gyara, ya san ba sai maƙiyi ne ke ɓatar da tarihi ba.

Akwai sassa biyu da nake ganin sun cancanci a daɗe a ƙarƙashinsu. Na farko tulluwar ɗakin wanka mai zafi, inda aka zana sararin sama da burujai da taurarin arewa, fiye da siffa talatin. Ana lissafa ta a matsayin mafi daɗewar taswirar sama da ta rage a kan rufi mai siffar ƙwarya. Mai zanen ya jera taurarin a juye, kamar wanda ke kallon sama daga bayanta, alamar cewa daga wani zane ko dunƙulen taswira ya kwafa, ba daga daren hamada da ke bisa kansa ba. Na biyu rufin sashen gabas na zaure, wanda aka raba gida-gida kimanin talatin, kowane gida da mai sana'a a bakin aikinsa: mai fasa dutse, mai ɗora wa raƙumi kaya, maƙeri, kafinta da zarto, masu kwaɓa. Yarima ya sa an zana waɗanda suka gina masa gida a saman kan baƙinsa. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, haka ma masu zanen.

Haɗari bai ƙare ba. Wadi Butum kwari ne, idan ruwa ya sauka da ƙarfi a hamada ambaliya na zuwa ba sallama. Manyan motoci na wucewa a titin da ke kusa. Baƙi na ƙaruwa, ɗakunan kuma ƙanana ne, numfashin jama'a da gumin hannu na taɓa bango. Shi ya sa aikin ya haɗa da horar da 'yan Jodan a sana'ar, da tsara yadda za a kula da wurin bayan baƙin ƙwararru sun tattara kayansu.

Zanen sarakuna shida shi ma an wanke shi, rigunansu sun dawo da launi, hannayensu sun fito sarai. Amma sarakuna biyu na ƙarshen sahu sunayensu sun riga sun tafi. Masana na hasashen ko sarkin Sin ne, ko sarkin Turkawa, ko wani sarkin Indiya. A saman kawunansu masu gyara ba su rubuta komai ba.